Gwanayen Waƙoƙin Bana: Da Wane Mudu Aka Auna?

Tun shekara ba ta raba tsakiya ba, ga shi har an fara rabon kambu. Duk inda mutum ya leƙa, ko a Facebook ko a tashoshin FM ɗin nan da suka yi yawa kamar jamfa a Jos, sai ya iske wani ya jero sunaye goma ya ce wai su ne kundayen waƙoƙin da suka ciri tuta a bana, wato albam ɗin da babu na biyunsu. Wane ne na ɗaya, wane na biye da shi, wane kuma ya sha ƙasa. In ka nemi hujja sai a nuna maka lamba: wannan an kalle shi sau kaza a YouTube, wancan an saurare shi sau kaza a Audiomack, wancan kuma an yi rawa da shi a TikTok har an gaji. Shi ke nan, an yanke hukunci, an naɗe tabarma, kowa ya kama gabansa.

Mu dai malaman makaranta ne, masu koyar da Hausa da adabinta a sakandarorin da ke ƙasashen Ikara da Maƙarfi da Kudan, kuma ba mu da gaba da kowane mawaƙi. Amma cikin manoma muka tashi, shi kuwa manomi kafin ya yarda da awo sai ya karɓi mudun ya juya shi ya duba, domin akwai mudun da aka doke wa gindi ya lotsa, a ido cike yake fal, a buhu kuwa sai giɓi. To, wannan mudu da ake auna mana waƙoƙin bana da shi mun juya shi mun duba, muna kuma shaida wa masu karatun wannan mujalla cewa lotsattse ne. Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya ma shi ne, waɗanda ya kamata su fito su faɗi haka, wato ku 'yan'uwa masu alƙalami, shiru kake ji kamar an aiki bawa garinsu.

Bari mu fara da ƙirgen kansa. Wa aka ƙirga? Duk wanda ya taɓa zama a Tashar Yari ko Hunƙuyi ko Paki ya san ta inda sabuwar waƙa ke shigowa gari. Ta rumfar mai cajin waya take shigowa. Yaro ɗaya ne mai kwamfuta zai sayi data ya sauko da kundin gaba ɗaya, sau ɗaya tak, daga nan ya shiga tura wa mutane a memori ana ba shi ɗan abin da ya samu. Wanda aka tura wa ya koma unguwa ya tura wa abokansa ta Xender, su kuma su tura wa ƙannensu da matansu. Kafin mako ya zagayo waƙar tana tashi a teburin mai shayi, tana tashi a babur ɗin ɗan acaɓa, tana cikin motar da ta yi lodin rake za ta Kudu, tana cikin gida inda mata ke surfe da ƙaramar waya a gefen turmi. Gari guda ya haddace ta, amma na'urar da ke ƙirge a can inda take mutum ɗaya ta gani. A ɗaya gefen kuma ga ɗan birni mai wadatar data da wutar lantarki, wanda zai kunna waƙa guda safe da rana da dare, ana ta rubuta masa lada. Ba mu ma taɓo zancen kallon da ake saye da kuɗi ba, abin da duk mai harka da intanet ya san ana yi. Saboda haka in an ce mana ga waƙar da Hausawa suka fi so a bana, sai mu ce a'a, a gyara magana: ga waƙar da masu data suka fi dannawa.

Wani zai ce ai gara wannan da babu. Da can ma akwai. Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya daɗe yana auna son jama'a ta shirin Zaɓi Sonka, kuma awon ya fi wannan adalci nesa ba kusa ba. Mutumin Likoro ko Gimi ko Saulawa zai sayi katinsa, ya rubuta sunansa da na garinsu, ya jero waɗanda yake gaisarwa, ya faɗi waƙar da yake so, a karanta duniya ta ji. Sunan ƙauyensa ya fito a rediyo, zaɓinsa kuma ya shiga lissafi. Yau da aka ce an ci gaba, an sami na'urar da ke ƙirga miliyoyi cikin ƙiftawar ido, sai ga shi mutumin Likoro ya ɓace daga lissafin ɗungurungum.

Kada kuma a raina hanyar memorin nan, a ce ai hanyar ƙauyawa ce. Mdou Moctar, makaɗin jitar nan Ba'abzine ɗan Jamhuriyar Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da irin kiɗan situdiyo da gyaran murya na waƙoƙin finafinanmu. Ba kanti ne ya yaɗa shi ba, daga waya zuwa waya ya yi ta tafiya har ya tsallaka Sahara, wani kamfanin faifai na Amurka mai suna Sahel Sounds ya tsinto waƙarsa a wayoyin mutane ya sa ta a faifai. Da ya fitar da Afrique Victime a 2021, manyan mujallun kiɗa na Turai da Amurka sun sa shi cikin gwanayen shekarar. Shi wannan kamfani kuma a 2013 ya tattara waƙoƙin finafinan Hausa ya buga su a faifai guda. Bature ya taso daga uwa duniya ya sunkuya ya duba abin da ke cikin wayar talaka, mu kuwa masu jera mana gwanaye ko Kwanar Ɗangora ba su taɓa wucewa da wannan niyya ba.

Da sun wuto da sun ji abin da ba ya cikin jerinsu. Da sun ji cewa in watan Mauludi ya kama, ƙasidun bege ne ke cika kasuwa da tasha, kuma har gobe ana sauraren irin su Rabi'u Usman Baba da Umar Abdul'aziz Fadar Bege, ga sababbin sha'irai na fitar da nasu kundayen duk shekara. Da sun ji waƙoƙin ɗaliban Islamiyya na ranar saukar karatu. Da sun ji waƙoƙin Zumuntar Mata na Hausawa Kiristoci, waɗanda suke da yawa a ƙasar Ikara da maƙwabtanta, da Hausarsu tsantsa wadda ba a gauraya ta da komai ba. Da sun tarar da sauran masu gangar noma da masu kalangu da 'yan dije ba su gama korarsu daga gidajen biki ba, waɗanda waƙarsu ba ta taɓa shiga situdiyo ba balle a ƙirga ta. Duk waɗannan ba waƙa ba ce? Ko kuwa sai abin da aka buga da fiyano a Kano da Kaduna, aka yi masa bidiyo da mota da doguwar riga, shi ne waƙar bana?

Ita wannan al'ada ta jera gwanayen kundaye aro ce daga mujallun Ingila da Amurka, ba mu kuma ce aro laifi ne ba. Amma a can, duk kundin da aka sa a jeri akwai wanda ya zauna ya saurare shi daga farko har ƙarshe, ya rubuta sharhi, ya faɗi abin da ya burge shi da abin da ya ƙi, ya sa sunansa a ƙasa don mai ja da shi ya san wanda zai ja da shi. Mu sai muka ga an aro riga an bar wando. An ɗauko jerin, an bar sharhin. Babu wanda zai gaya maka turken waƙa ta uku a kundin da aka ba na ɗaya, ko ya nuna maka inda mawaƙin ya yi gwaninta a sarrafa harshe, ko inda ya yi kwaɓa. Kai, muna da yaƙinin cewa da yawa daga masu jerin ba su saurari kundayen har ƙarshe ba, don da sun saurara da ba su kira wasunsu kundi ba.

A nan ne maganar take, don haka sai a yi haƙuri mu ɗan daɗe. Me ake nufi da kundi? A zamanin kaset, da na faifan sidi bayansa, mawaƙi kan haɗa waƙoƙi takwas ko goma ya kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ko Bata a Kano, su saya su buga su rarraba. Mai saye kuɗinsa ya fitar, saboda haka in ya tarar waƙa ɗaya ce mai kyau saura duk ƙaiƙayi, baɗi ba zai sake saye ba. Wannan ya tilasta wa mawaƙi ya yi aiki a kan kowace waƙa, ya kuma sassaɓa jigo: ga ta soyayya, ga ta biki, ga ta nasiha, ga ta iyaye, ga ta halin zaman duniya. Nura M. Inuwa ya yi shekaru yana fitar da kundi a farkon shekara, mutane na jira kamar yadda ake jiran sabon hatsi, kuma ko wanda ba ya ƙaunarsa ya san a kan wannan tsari ya yi suna. Da memori ta kashe kasuwar faifai, sai wannan igiya ta tsinke. Yanzu kundi ba ya ciyar da mai shi. Abin da YouTube ke biya a kan mai kallo daga Nijeriya bai taka kara ya karya ba, mai tura waƙa a rumfa kuwa ko kwabo ba ya aika wa mawaƙi, duk da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023. Abincin mawaƙi ya koma wuri biyu: gidan biki da gidan ɗan siyasa. Kundi ya zama allon talla kawai, a ji muryarka a kira ka ka yi wa amarya da ango waƙa, ko ka yi wa mai neman kujera.

Shi kuwa allon talla so ake ya ja ido da sauri. TikTok ba ya buƙatar waƙa, guntun waƙa yake buƙata, daƙiƙa ashirin ko talatin da za a taka rawa a kai. Sai mawaƙi ya tattara duk basirarsa ya zuba a gindin waƙa, wato amshi, ya bar ɗiyan waƙar a yashe. Ka saurari yawancin abin da ya fito a 'yan shekarun nan, har da na bana, za ka tarar da gindi ƙato, ɗiya ƙanana ramammu, kamar raken da ya yi tsawo ya yi ganye amma ka tsotsa ba ruwa. Kalmomin ma an san su: zuciya, ruhi, jini, hanta, numfashi, hawaye, a juya su gaba a juya su baya. Amsa-amo kuma ya zama sarki, ma'ana ta zama baiwa; muddin ƙarshen layi ya yi daidai da na sama, to a jefa kalmar ko ta dace ko ba ta dace ba, ko da za a mai da mace namiji a nahawu. Kada wani ya ce gajarta muke zargi. Faifan garmaho minti uku ne kacal a kowane gefe, amma a cikin irin wannan ƙunci magabata suka riƙa gina magana mai kai da ƙafa. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya ɗauki karen mota, mutumin da kowa ke rainawa, ya zana rayuwarsa har ka ji kamar ka san shi. Wannan aikin ne muke nema, ko da fiyano aka yi shi ko da kwamfuta.

Mai karatu zai ce, to ku malaman makaranta ina ruwanku, ku ji da alli da allo mana. Ruwanmu ya kai wuya. Waƙar baka da rubutacciyar waƙa suna cikin manhajar Hausa ta WAEC da NECO, mu ne kuma ke tsayawa gaban yara muna koyar da jigo da salo da zubi da tsari. Yaron da ke zaune gabanmu ya haddace kundi guda cur na mawaƙin da yake so, ba ya tuntuɓe ko a layi ɗaya, abin da ke nuna kansa lafiya lau yake. Amma ka ce ya gaya maka abin da waƙar ke cewa, sai ya yi murmushi ya ce ai daɗi gare ta. Ba wanda ya taɓa nuna masa cewa waƙar da ke cikin wayarsa abar tambaya ce, ana iya feɗe ta kamar yadda ake feɗe ta Aƙilu Aliyu. A wurinsa adabi shi ne abin da matattu suka yi, ake haddacewa don jarrabawa, waƙa kuwa ita ce abin da ake rawa da shi. Malamin da ya so ya haɗa masa biyun sai ya rasa rubutu ko shafi guda da zai miƙa masa ya ce je ka karanta. Ga kuma ɓarnar rubutu. Sunayen waƙoƙin da yaran nan ke gani kullum a fuskar waya ba ƙugiya ba lanƙwasa, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, an raba waɗanda ya kamata a haɗe. Mu muna da minti arba'in a aji, waya tana da sauran yinin da daren. In lokacin gyaran takardun insha'i ya zo, a nan muke girbar abin da situdiyo ta shuka.

To, kada dattawan da ke gyaɗa kai tun ɗazu su ɗauka a layinsu muke. Akwai masu cewa waƙa ta mutu ran da Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, duk abin da ya biyo baya shirme ne da fitsara. Wannan ma lalaci ne, irin na masu ƙirga lamba, sai dai nasu ya sa rawani. Waƙar soyayya ba 'yan fiyano suka ƙago ta ba. Haruna Uji da gurminsa ya yi ta tun ba a haife su ba. Maganar batsa da habaici kuwa, duk wanda ya san amada ya san abin da Barmani Coge da Uwaliya ke faɗa in mata sun keɓe, kuma da aka yi ca a kan Ado Gwanja a 2022, har wasu lauyoyi suka kai ƙara kotu a Kano, ba mu ji wanda ya tsaya ya bi sawun salonsa zuwa ga ƙwaryar da ya ɗebo shi ba, alhali sawun a fili yake. Shi kansa Shata, Allah ya jiƙansa, ya yi zambon da ba ya maimaituwa a gaban surukai, ya wasa masu kuɗi don kuɗinsu, a zamaninsa kuma akwai malaman da ba sa son a ambace shi. Sai da aka yi shekaru ana nazarinsa kafin Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Imfirajin Aliyu Namangi, mutumin Zariyar nan tamu, a bakin makafi masu bara ta yi yawo kafin ta shiga aji. Abin da ya ɗaga waɗannan daga kasuwa zuwa makaranta shi ne an sami masu zama su saurara, su rubuta, su yi gardama, irin su Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo. In an ce na yanzu duk ƙaiƙayi ne, to wa ya sheƙe ya gani?

Yanzu sai mu juyo gare ku, 'yan'uwa marubuta, musamman na birni masu taron wata-wata. Ku ne ya fi kamata ku gane wannan ciwo, don an yi muku irinsa. A shekarun 1990, lokacin da su Ado Ahmad Gidan Dabino da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da sauransu suka cika kasuwa da littattafai, me aka kira aikinku? Adabin Kasuwar Kano. Aka ce soyayya ce kawai, aka ce kwaikwayon Indiya ne, aka ce kuna ɓata tarbiyya da ƙa'idar rubutu, har ta kai ga an ƙona littattafai a Kano a 2007. Amma abin da ya cece ku shi ne an yi muhawara. Malam Ibrahim Malumfashi ya soka da hujja, su Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu suka shigo kowa da tasa, aka yi shekaru ana fafatawa a jaridu da mujallu, masu suka da masu kariya duk sai da suka karanta littattafan. Wannan gardama ce ta kai littattafanku jami'a. Yau ga 'yan'uwanku masu sarrafa harshe guda da ku ana jifansu da kalmomin da aka jefe ku da su, ɗaya bayan ɗaya, ku kuma kun koma gefe kun naɗe hannu, wasunku ma sun karɓi dutsen suna taya jifa. An bar waƙa a hannun mutum biyu, mai cewa a hana da mai cewa a danna. Na farko bai saurara ba, na biyu bai yi tunani ba.

Alhali kuwa katangar da kuka gina tsakanin marubuci da mawaƙi ba ta da tushe. Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa, marubucin littattafai ne daga cikinku kafin duniya ta san muryarsa, kuma duk mai kunne ya san alƙalami ne ke riƙe da waƙarsa. Da hukumar tace finafinai ta Kano ta sa aka kama shi a 2009 a kan waƙa, ai harshe aka kama, harshen da ku ma da shi kuke ci. Kafin nan ma, a shekarun 1970, ƙungiyar Hikima ta Alhaji Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta su Aƙilu Aliyu sun riƙa haɗuwa ana karanta waƙa ana gyara wa juna, ana kai ta rediyo. Ƙungiyar marubuta ce ke riƙe da mudun waƙa a wancan lokaci. Yaushe kuka sallama shi ga mai sayar da data?

In da mu za a tambaya kundin da ya cancanci kambun bana, tambayoyinmu ba su da wuya. Za mu cire kiɗan mu rubuta kalmomin a takarda, mu ga ko za su iya tsayuwa da ƙafarsu. Za mu ga ko waƙa ta bakwai ta san da zaman ta farko, ko kuwa tarkace aka tara aka ɗaure da igiya. Za mu kuma tambaya ko mutumin da ke cikin kundin ya yi kama da wani da muka sani. Wannan ta ƙarshen ita ta fi yi mana zafi. Mutanen yankin nan sun ga tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a 2016, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Sun ga shekarun da tumatir ke ruɓewa a kwando a bakin titi don ba mai saye, ga masana'antar sarrafa shi a Ikara. Sun ga an sallami malaman firamare fiye da dubu 21 bayan jarrabawar 2017, kusan kowane gida akwai wanda abin ya taɓa. Sun kwana a layin banki a farkon 2023 suna neman kuɗinsu, suka wayi gari a ƙarshen watan Mayun shekarar an cire tallafin mai, buhun taki kuma ya gagari mai ƙaramin ƙarfi. Ga mai yankan rake da ke shiga fadama da asuba cikin hunturu, ga mai dafa mazarƙwaila da ke kwana gaban wuta. Duk wannan rayuwa ba ta isa waƙa ba? Ta isa, akwai ma masu yi, yara ne a ƙananan situdiyo na Zariya da garuruwanmu, waƙarsu na yawo a memori. Sai dai ba a rawa da kukan manomi, saboda haka ba za ta taɓa hawa jerin goma ba, yaron kuma in ya ga haka sau ɗaya sau biyu, sai ya koma ga zuciya da hanta, tunda shi ma ci yake yi.

Ba mu ce duk wadda ta yi tashe banza ce ba. Jaruma ta Hamisu Breaker ta game ƙasa a 2020 lokacin kullen korona, matan aure suka riƙa taka ta a gaban mazajensu ana ɗauka ana yaɗawa, aka yi ta cece-ku-ce a kan rawar. Waƙar da ta shiga ɗakunan aure haka ta taɓo wani abu a zaman Bahaushe da matarsa, abin da ya cancanci marubuci ya zauna ya tona, amma duk surutun a kan rawa ya ƙare. Haka Dauda Kahutu Rarara, maƙwabcinmu ne, daga Hunƙuyi zuwa ƙasar Ɗanja ba nisa. Ana iya ƙin wanda yake yi wa waƙa, mu ma akwai abin da muke ƙi, amma mutumin da zambonsa ke shiga bakin yaro da tsoho a kowane zaɓe tun 2015 ya wuce a kawar da kai a ce ai ɗan amshin shata ne. Kamata ya yi a ajiye shi kusa da mawaƙan NEPU da NPC na shekarun 1950, a auna, a ga abin da ya gada da abin da ya zubar, a kuma faɗi bambancin mai waƙa don aƙida da mai waƙa don kwangila ba tare da tsoro ba.

Saboda haka, Malam Edita, ga buƙatarmu, ba ta kuma fi ƙarfin mujallar nan ba. Sau huɗu kuke fitowa a shekara. A ware shafi biyu a kowace fitowa, a ɗauki kundi ɗaya ko biyu da suka fito cikin watanni ukun, a ba wanda zai saurara har ƙarshe ya rubuta sharhi da sunansa, a kuma bar wa mawaƙin ko masoyansa fili su mai da martani a fitowa ta gaba. Kada a tsaya ga na Kano da Kaduna. A sa na bege, a sa na mata, a sa na Maraɗi da Damagaram, a sa na yaron da ba wanda ya san shi. A nemi izinin mawaƙan a buga matanin waƙa ɗaya da ingantacciyar ƙa'idar rubutu, don malami ya sami abin shiga aji da shi. Mu a nan za mu ɗauki nauyin namu ɓangaren: za mu bi rumfunan caji na Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi mu tambayi masu turi waƙoƙin da aka fi nema a wurinsu, mu haɗa da abin da ɗalibanmu na aji shida suka rubuta a kansu, mu aiko muku kafin fitowa ta gaba.